Awon ADN na Dangantaka: Abin da Yake Nunawa, Matsayinsa a Shari'a, da Sirrin Iyali

Wataƙila kun taɓa ji a rediyo ko a wayar salula ana zancen wani awo da ke nuna ko yaro ɗan wane ne. A Nijar, da yake da faransanci ake aikin likita da na shari'a, ADN ake ce masa. A Nijeriya da Gana kuwa DNA suke cewa. Duk abu ɗaya ne. A da, labarinsa kawai muke ji daga nesa. Yanzu yana iya shigowa gidan kowa. Ɗan'uwa da ke ƙasar waje ya so ɗauko ɗansa, ofishin jakadanci ya nemi a yi awo. Ko a zo rabon gado, wani ya bayyana ya ce shi ma ɗan mamaci ne. Ko a samu ciki, wanda ake tuhuma ya ce ba nasa ba ne.

Ɗaukar awon ba ta da wuya, ba ta da zafi, ba ta kai minti biyar ba. Wahalar tana zuwa ne bayan takardar sakamako ta fito. Ita wannan takarda tambaya ɗaya tak take amsawa: akwai jini tsakanin wane da wane, ko babu? Amma wa doka ta sani a matsayin uba, wa zai ci gado, wa ya halatta ya ga takardar, duk waɗannan tambayoyi ne daban, kuma su ya kamata ku nemi amsarsu tun kafin ku biya ko dala ɗaya.

Mine ne ADN?

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A cikin kusan kowace ƙwaya akwai wani siririn zare, shi ne ADN. Zaren nan yana naɗe cikin ƙunshi 46. Mutum yana gadon 23 daga mahaifiyarsa, 23 daga mahaifinsa. Wanda ke cikin jini, shi ne ke cikin yawu, shi ne a saiwar gashi da cikin ƙashi. Tsufa ba ya sauya shi, abinci ko magani ba sa sauya shi.

Mafi yawan zaren nan iri ɗaya ne ga dukkan ƴan Adam. Wasu gurabe kaɗan ne suka bambanta daga mutum zuwa mutum, kuma su masana ke dubawa. A kowane gurbi mutum yana da alama biyu, ɗaya ta wajen uwa, ɗaya ta wajen uba, kuma da lamba ake rubuta su. Ga misali. A wani gurbi yaro yana da 12 da 15. Mahaifiyarsa tana da 12 da 14. Ke nan 12 daga wajenta ya samo, 15 kuwa daga wajen uba ta zo. Idan mutumin da aka auna yana da 15 da 17, an dace a wannan gurbi. Idan 10 da 11 gare shi, ba a dace ba. Haka za a bi gurabe wajen ashirin, ɗaya bayan ɗaya. Saɓani a gurbi guda bai isa a kore mutum ba, domin jefi-jefi alama takan ɗan sauya tsakanin uba da ɗa. Sai saɓanin ya fito a gurabe da dama ake cewa babu jini.

Wani masani mai suna Alec Jeffreys ne ya gano wannan hanya a jami'ar Leicester ta ƙasar Ingila a 1984. Aikin farko da aka yi da ita a 1985 na wani yaro ne wanda iyalinsa ƴan asalin Gana ne mazauna Ingila. Ya je Gana ya dawo, jami'an shige da fice suka ce ba su yarda shi ne ɗan matar da ke jiransa ba. Aka yi awo, ya nuna ɗanta ne, aka bar shi ya zauna.

Yadda ake karanta sakamako

A awon uba da ɗa, amsa biyu ce. Ko a rubuta 0, wato wannan mutum bai haifi yaron ba, ko a rubuta kashi 99,9 cikin 100 ko fiye. Ba za ku ga an rubuta 100 cif ba, kuma kada wannan ya tayar muku da hankali. Dalili shi ne lissafi ake yi: ana kwatanta wanda aka auna da wani baƙon namiji da ba shi da wata dangantaka da yaron.

A nan akwai abin lura. Idan mutum biyu da ake tunani wa da ƙane ne, ko uba da ɗansa, dole a faɗa wa ɗakin awo tun farko, domin alamominsu suna kama da juna ƙwarai. Sai an auna su duka biyun, ko an ƙara yawan gurabe. Tagwaye masu kama ɗaya sak kuwa, awon yau da kullum ba ya iya raba su. Haka kuma, duk lokacin da hali ya yi, a haɗa da mahaifiyar yaron a cikin awon, domin sakamakon ya fi ƙarfi.

Idan wanda ake son a auna ya rasu ko ya yi nisa, ana iya bi ta danginsa, sai dai amsar takan ragu da ƙarfi. Ɗa yana da rabin ADN na mahaifinsa daidai. Shaƙiƙai, uwa ɗaya uba ɗaya, sun haɗu a wajen rabi. Ƴan uba, ko ƴan uwa ɗaya uba daban, sun haɗu a wajen kashi ɗaya bisa huɗu. Haka kaka da jika, haka baffa ko kawu ko gwaggo da ɗan ɗan'uwansu. Ƴaƴan wa da ƙane kuwa, wajen ɗaya bisa takwas. Gwargwadon nisan dangantaka, gwargwadon shakkar da za ta rage, har wani lokaci a dawo muku da takarda cewa ba a iya yanke magana ba, alhali kuɗinku sun tafi. A ƙasar Hausa akwai ƙarin wahala guda: auren zumunci. Inda dangi suka daɗe suna auren juna, mutane sun fi kama da juna a jini fiye da yadda lissafi ya zata. Ku bayyana wannan tun kafin a fara, kuma in akwai hali a auna mutum uku ko huɗu na dangin maimakon ɗaya.

Akwai wani ƙunshi da ake kira Y, wanda maza kaɗai ke da shi, yana bi daga uba zuwa ɗa kamar sunan gida. Awonsa yana nuna ko maza biyu tsatson namiji ɗaya ne, amma ba ya nuna wane ne uban a cikin mazan gidan.

Awon kakanni ya yi babban amfani a ƙasar Ajantina. A zamanin mulkin soja na 1976 zuwa 1983 an kashe mutane da yawa, aka raba jariransu ga wasu gidaje. Kakannin yaran mata suka kafa ƙungiya, a 1987 gwamnati ta buɗe ma'ajiyar bayanan jini ta ƙasa, kuma an gano jikoki fiye da 130, da yawansu ta wannan hanya.

Abin da ba awon ADN ba ne

Mutane da yawa suna ɗaukar awon rukunin jini, wato A, B, AB da O, a matsayin shaidar uba. Miliyoyin mutane rukuninsu ɗaya ne, don haka dacewa a rukuni ba ta tabbatar da komi. Haka awon sikila, mai nuna AA, AS ko SS. An yi shi ne don lafiya da shawarar aure. Idan kun ga sakamakon yaro bai dace da na iyayensa ba, ku fara sake awon a wani wuri, domin kuskuren awo da musayar takardu suna faruwa, kuma akwai wasu nau'o'in jini da ƙaramin awo ke ruɗewa a kansu. Kama a fuska ko launin fata ma ba hujja ba ce. Yaro yakan ɗauko kakan kakansa.

Shi kansa awon ADN, mutane ne ke yin sa, kuma mutum ajizi ne. Kuskuren da aka fi samu shi ne musayar samfur ko rubuta suna ba daidai ba. Wanda aka taɓa yi wa dashen ɓargo, ko aka ƙara masa jini kwanan nan, ya faɗa kafin a ɗauka. Akwai ma abin mamaki da ba safai ake samu ba. A 2002, a jihar Washington ta Amurka, awo ya nuna wata mata ba ita ta haifi ƴaƴanta ba, har aka so a karɓe su. Daga baya likitoci suka gano tana ɗauke da ADN iri biyu a jikinta, domin tun tana cikin mahaifiyarta ta haɗe da abokiyar tagwaicinta suka zama mutum ɗaya. Saboda irin wannan, sakamakon da ya saɓa wa abin da kowa ya shaida da idonsa ya cancanci a sake shi a wani ɗakin awo daban.

Awon gida da awon shari'a

Da ɗan tsinke mai auduga ake goga cikin kumatu, a bari ya bushe, a sa a ambulan ta takarda. Jariri ma ana yi masa tun ranar haihuwa. Ba sai an ɗebi jini ba. Ana kuma iya yin awo tun yaro na ciki, ta hanyar jinin uwa, daga wajen wata biyu, amma ya fi tsada nesa ba kusa ba. Hanyar da ake soka allura a ɗebo ruwan mahaifa tana da haɗarin ɓari, kuma bai kamata a jefa ciki cikin haɗari don kawar da zargi ba.

Awo iri biyu ne, ko da yake aikin ɗakin awo ɗaya ne. Na farko shi ne wanda mutum ke ɗauka da kansa a gida ya aika. Wannan don sanin kansa ne kawai. Alƙali ko jami'in jakadanci ba ya aiki da shi, domin babu mai shaidar daga bakin wa aka gogo audugar. Na biyu shi ne wanda ma'aikaci amintacce ke ɗauka: ya duba katin shaidar kowa, ya ɗauki hoto, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, a rufe ambulan a gabanku, a rubuta duk hannun da ta bi har ta isa. In dai magana za ta kai gaban hukuma, ku jira hukumar ta faɗi inda za a yi, kada ku biya sau biyu.

Sau da yawa wanda ya ɗauki samfur ba shi ne mai auna shi ba, wata ƙasa ake aikawa. Ku tambayi sunan ɗakin awon da ƙasar da yake, da takardar da ke nuna an amince da aikinsa. Ku tambayi jimillar kuɗi har da na aikawa, da kwanakin da za a jira, ku karɓi rasit. Ku yi hattara da ɗan tsakani mai cewa zai iya gyara muku sakamako. Wanda zai gyara muku yau, gobe zai gyara wa abokin shari'arku.

Mi doka ta ce?

A Nijar, tun daga 1962 dokokin tsarin shari'a suka tanadi cewa a maganar aure, saki, nasaba da gado, alƙali yana aiki da al'adar masu shari'a, yana kuma zama da mashawarta masana al'ada. Ga mafi yawan jama'a, wannan al'ada a haɗe take da fiƙihun Musulunci na mazhabar Malikiyya. Akwai kuma kundin dokokin zaman jama'a da aka gada daga Faransa, wanda ake aiki da shi ga wasu. Hanyoyin biyu sun haɗu a kan tushe guda: yaron da aka samu cikin aure, mijin uwarsa ne ubansa. Ba a neman miji ya kawo wata hujja, kuma takardar awo ita kaɗai ba ta rushe wannan.

A fiƙihu, yaron da aka haifa bayan wata shida ko fiye da haɗuwar ma'aurata ɗan mijin ne, yana da sunansa da ciyarwarsa da gadonsa. Mijin da ke son kore yaro, hanyarsa ita ce li'ani, wato rantsuwa mai tsanani a gaban alƙali, wadda ke raba auren har abada. Yaron da aka samu ba da aure ba kuwa, akasarin malamai suna danganta shi ga mahaifiyarsa, ba ya gadon wanda ya yi cikin. Ke nan ana iya samun mutumin da awo ya ce shi ne uba amma shari'a ba ta ba shi yaron ba, a kuma samu wanda awo ya kore amma har yanzu shi ne uba a shari'a, ciyarwa tana wuyansa.

Malamai sun zauna a kan wannan batu. A watan Janairu na 2002, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar Rabiɗa da ke Makka ta yarda a yi aiki da awon ADN idan ana jayayya a kan yaron da ba a san nasabarsa ba, ko jarirai sun cuɗanya a asibiti, ko yara sun ɓace a yaƙi ko wani bala'i, ko ana son gane gawa. Amma ta hana a yi amfani da shi a kore nasabar da ta riga ta tabbata, ta hana a gabatar da shi a kan li'ani, ta kuma ba da shawara kada a yi shi sai da umurnin alƙali.

Suna da ke kan takardar haihuwa ba ya canzawa don an kawo sakamakon awo gidan magajin gari. Sai da hukuncin kotu. Alƙali yana iya neman gwani ya yi bincike, amma shi ne mai auna hujjoji ya yanke. Wanda ba shi da ƙarfin ɗaukar lauya ya nemi hukumar ANAJJ, wadda dokar 2011 ta kafa don taimakon marasa hali a fannin shari'a, ko ƙungiyar mata masana shari'a ta Nijar. Bari mu ƙara da cewa rigima da yawa da ake kai wa awo, da an yi wa aure da haihuwa takarda a kan lokaci, da ba a kai can ba.

Awon ɓoye, da dokokin wasu ƙasashe

Yawu da gashin mutum nasa ne. Ɗaukar buroshin haƙorin wani, ko goga bakin yaro a ɓoye ba da sanin mahaifiyarsa ba, cin amana ne, kuma a ƙasashe da dama laifi ne. Wannan ya shafi ƴan'uwanmu mazauna Turai kai tsaye. A Faransa ba a yin awon nasaba sai alƙali ya ba da umurni cikin wata shari'a, kuma wanda ya yi ba bisa ƙa'ida ba yana iya fuskantar ɗaurin shekara ɗaya ko tarar yuro dubu 15, kusan miliyan 10 na kuɗin sefa. A Ingila, dokar 2004 ta sa auna ADN na mutum ba da yardarsa ba laifi ne da ke iya kai wa ɗaurin shekara uku. Jamus ma ta hana awon ɓoye tun 2010.

Har mamaci yana da haƙƙi. A 1998 kotu a Faransa ta sa aka tono gawar shahararren mawaƙi Yves Montand, fiye da shekara shida bayan rasuwarsa, domin wata ta ce ita ɗiyarsa ce. Awo ya nuna ba haka ba ne. Abin ya girgiza jama'a, a 2004 aka yi dokar da ta hana auna mamaci don nasaba sai in ya ba da izini tun yana raye.

Idan ofishin jakadanci ya nemi awo

Wasu ƙasashe suna neman awo idan takardun haihuwa ba su gamsar da su ba. A tsarin Amurka, jami'i yana ba da shawarar awon, ba ya tilastawa, amma in babu wata hujja, ƙin yi yana iya hana bisa. Ɗan'uwan da ke can ne zai zaɓi ɗakin awo daga cikin waɗanda ƙungiyar AABB ta amince da su, shi zai biya. Kayan ɗaukar samfur ofishin jakadanci ake aika wa, a ɗauka a ƙarƙashin kulawarsa, sakamako kuma ya koma wa ofishin kai tsaye. Tsakanin mahaifi da ɗa, kashi 99,5 cikin 100 ko fiye suke nema. Awon da kuka yi da kanku tun da farko ba ya shiga lissafi, kuma dacewar awo ba alkawarin samun bisa ba ce. Ƙa'idodin shiga ƙasashe suna sauyawa, don haka ku tambayi ofishin kafin ku kashe kuɗi.

A nan ne al'adarmu ta riƙo take cin karo da takardun Turawa. A wurinmu, ɗan wa ko ɗan ƙane da ya tashi a hannunku ɗanku ne, kunya ma ba ta bari ku ce ba ku kuka haife shi ba. Ɗan kishiya ma ɗa ne. Amma a takardar neman bisa, idan aka rubuta ɗa, wanda aka haifa ake nufi. Wanda ya rubuta ɗan riƙo a matsayin ɗan cikinsa, awo zai nuna saɓani, a ɗauke shi maƙaryaci, har abin ya shafi sauran ƴaƴansa. A 2008 Amurka ta dakatar da wani shirin haɗa iyalan ƴan gudun hijira bayan awon gwaji da ta yi a wasu ƙasashen Afirka ya nuna saɓani mai yawa, ba ta sake buɗe shi ba sai 2012, da sharaɗin awo. Ku rubuta gaskiya tun farko: wannan na haifa, wannan riƙonsa nake yi, wannan ɗan matata ne.

Sirrin ba naku ne ku kaɗai ba

Wanda ya ba da ADN nasa ya ba da rabin na mahaifinsa, da rabin na mahaifiyarsa, da rabin na kowane ɗa da ya haifa, alhali su ba a tambaye su ba. Lambar waya in ta fita ana canza ta. ADN ba ya canzuwa har mutum ya koma ga Mahaliccinsa.

Ƙaramin awon uba da ɗa, mai duba gurabe wajen ashirin, ba ya bayyana cututtukan mutum. Amma audugar da aka ajiye tana ɗauke da komi, ana iya sake auna ta don wata manufa. Akwai kuma manyan kamfanoni da ke tallar awon gano asali da dangi ta intanet. Su suna karanta dubban ɗaruruwan gurabe, su ajiye a kwamfuta, su haɗa ku da duk wanda jininku ya taɓa nasa. Ta haka mutane da yawa suka gano ƴan uban da ba su san da su ba, ba tare da sun nema ba. A 2018 ƴan sandan jihar Kalifoniya sun kama wani tsohon mai kisan kai wanda bai taɓa ba da ADN nasa ba. Danginsa na nesa ne suka sa nasu a wani shafin neman dangi, aka bi ta kansu har aka iso gare shi. A 2023 ɓarayin intanet sun kai ga bayanan mutum kusan miliyan 7 na kamfanin 23andMe. A 2025 kamfanin ya karye, aka sayar da shi tare da bayanan mutanen da ke hannunsa.

Nijar tana da dokar kare bayanan mutane. Ta farko an yi ta a 2017, ita ta kafa hukumar HAPDP, a 2022 aka sake sabuwa. Bayanan ADN suna cikin waɗanda aka fi tsanantawa a kansu. Kuna da haƙƙin sanin abin da za a yi da bayananku, da ganin abin da aka ajiye, da neman a gyara ko a goge. Nijeriya ma ta yi irin wannan doka a 2023. Sai dai in samfur ya tsallaka teku, bin haƙƙi daga Tasawa ko Madawa ba ƙaramin aiki ba ne. Kariyar da ta fi ita ce wadda kuka nema kafin ku sa hannu.

Amma gaskiya, a garuruwanmu sirri ya fi fita ta hannun na gida. Wanda ba ya karanta faransanci ko ingilishi, dole ya kai wa wani takardar ya karanta masa, kuma daga nan magana ta zama ta mutum uku. Ku roƙi likitan da ya ɗauki samfur, ko lauyanku, ya karanta muku a keɓe, domin su aikinsu ya ɗora musu riƙon sirri. Kada ku ɗauki hoton takardar ku tura ta WhatsApp, ko da ga ɗan'uwa ne, ko da cikin fushi ne. Hoton da ya fita ba ya dawowa, kuma yaron da sunansa ke kai zai girma ya tarar da shi.

Kafin ku yanke shawara

A 2024 da 2025 wani kamfanin awo na Legas ya ba da rahoto cewa wajen ɗaya cikin huɗu na mazan da aka auna a wurinsa ba su ne suka haifi yaran ba. Labarin ya bazu a wayoyi, ya sa wa maza da yawa waswasi. Ku lura da waɗanda aka ƙidaya: mutane ne da zargi ya riga ya kai su can. Wanda ya tsaya ƙofar asibitin ido yana ƙidaya masu ciwon ido, bai ƙidaya mutanen gari ba. Ko a cikin masu zargin ma, uku cikin huɗu zarginsu bai tabbata ba.

Neman awo shi kansa tuhuma ce. Matar da aka ce a auna ɗanta ta ji abin da ake nufi, kuma ko sakamako ya wanke ta, zaman ba lalle ya koma yadda yake ba. In kuma ya nuna saɓani, ita da yaron ne ke shan mafi yawan wahala: saki, kora, duka, gori a makaranta da wurin neman aure. Akwai matan da fyaɗe aka yi musu suka yi shiru don tsoro. Akwai jariran da aka musanya ba da sanin kowa ba. Takarda ba ta faɗin yadda abu ya faru. Saboda haka, tun kafin a buɗe ambulan, ku zauna da malami ko dattijon da kuka amince da riƙon amanarsa, a tsaida wanda zai ci gaba da ciyar da yaron da karatunsa ko mi sakamako ya nuna, da inda uwar za ta zauna lafiya in rai ya ɓaci. Yaron da ya yi wayo, a faɗa masa abin da za a yi masa gwargwadon hankalinsa. Wanda ya balaga kuwa, sai da yardarsa.

Akwai inda awon nan rahama ne tsantsa. Iyalan da ɗansu ya tafi Libiya ko Aljeriya aka daina jin ɗuriyarsa suna iya zuwa ofishin Kuros Ruj mafi kusa, inda akwai sashen neman waɗanda suka ɓace, kuma ba a biyan kuɗi. Idan aka samu gawar da ake zaton tasa ce, samfur na uwa, ko uba, ko ɗa shi ya fi amfani wajen gane ta.

Ranar ɗaukar samfur, ku tafi da katin shaida da takardar haihuwar yaro. Kada a ci abinci, ko goro, ko a sha shayi ko taba wajen rabin awa kafin a goga baki, jariri ma a ɗan dakata da ba shi nono. Kada ku sa hannu a takardar da ba a karanta muku ba. Ku ce a fassara muku ita da Hausa, ku ji wa da wa za a ba sakamakon, da ko za a yi wani bincike daban da samfur ɗinku. In akwai gurbin ƙin yarda da wannan, kuna da ikon ƙi, awonku kuma zai tafi yadda yake. Daga nan ku nemi a rubuta muku ranar da za a lalata audugar da ranar da za a goge bayananku daga kwamfuta, ku ajiye kwafin tare da rasit.